Ƙorafi: Daga Tsakar Gida Zuwa Teburin Hukuma

Gabatarwa

Duk wanda ya saba sauraron shirye-shiryen siyasa a gidajen rediyon ƙasar Hausa, ko kuwa karanta sharhin jaridu, ba zai rasa lura da yadda kalmar ƙorafi ta kama bakin masu magana ba. Mai karanta labaru ya ce ma'aikata sun shigar da ƙorafi. Kakakin gwamnati ya fito ya ce 'yan hamayya ba su da aiki sai ƙorafi. Can kuma wani ya bugo waya ya ce yana da ƙorafi a kan rijiyar unguwarsu. Kalma ɗaya ce a bakin mutum uku, amma ba abu ɗaya suke nufi ba. Manufar wannan 'yar muƙala ita ce a nuna cewa kalmar tana ɗauke da ma'ana biyu waɗanda ba sa ga maciji da juna, watau tsohuwa ta tsakar gida da sabuwa ta ofis, sa'an nan a duba yadda masu sharhi kan al'amuran jama'a suke fakewa da ɗayar su danne ɗayar. Jimlolin da aka kawo misali da su an gina su ne a kan irin maganar da kowa yake ji yau da kullum, ba maganar wani mutum takamaimai ba ce.

Ƙorafi a tsakar gida

Bari mu fara da inda Bahaushe ya fara jin kalmar, tun yana yaro:

(1) Tsohuwar nan ta cika ƙorafi.
(2) Kai dai ƙorafi gare ka.
(3) Ba na son yi wa wane aiki, mai ƙorafin tsiya ne.
(4) An kawo masa tuwo, bai ko taɓa ba ya fara ƙorafin miya.

A waɗannan jimloli ƙorafi hali ne, kamar rowa ko faɗa ko tsiwa, kuma ba halin yabo ba ne. Ba a taɓa yi wa mutum kirari da shi ba. Idan aka ce mutum ya cika ƙorafi, ana nufin abin da yake magana a kai bai taka kara ya karya ba, kuma ba ya faɗa sau ɗaya ya yi shiru. Amma abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne, ko an gyara abin, maganar ba ta ƙarewa. A ƙara wa miyar gishiri, ya ce ta yi ruwa. A kaɗa ta ta yi kauri, ya ce tuwon ya huce. Ashe ke nan cutar ba a miya take ba, a jikin mai cin take. Wannan shi ne zuciyar ma'anar, domin kuwa da zarar an kira magana ƙorafi, to an ɗauke ido daga kan abin da aka faɗa, an mai da shi kan wanda ya faɗa. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu sake komowa kansa.

Kalmar tana da maƙwabta da ya kamata a raba ta da su. Mai mita sau da yawa an yi masa laifi na gaske, sai dai ya ƙi barin maganar ta mutu. Mai kushe yana da manufa, kamar mai sayen akuya da ke aibata ta don a rage masa kuɗi. Guna-guni na wanda ba shi da ikon ɗaga murya ne, kamar bara a gaban ubangidansa. Tsegumi a bayan ido ake yin sa. Suka kuwa, kamar yadda asalinta ya nuna, tana da tsini, a fili ake yin ta, kuma tana iya zama gaskiya tsantsa. A cikinsu duka, ƙorafi ne ya fi raina abin da ake magana a kansa.

Ƙorafi a ofis

Yanzu a kwatanta jimlolin baya da waɗannan:

(5) Ƙungiyar direbobi ta shigar da ƙorafi gaban hukuma.
(6) An karɓi ƙorafi 12 a wannan mako.
(7) Ya janye ƙorafinsa.
(8) Kwamitin ya gano cewa ƙorafin yana da tushe.

Nahawu kaɗai ya isa ya nuna mana cewa an sauka daga wancan layi. Hali ba a ƙirga shi. Ba a cewa rowa 12. Hali ba a shigar da shi, ba a karɓar sa, ba a kuma janye shi ranar Talata. A nan ƙorafi ya zama abu, galibi ma takarda mai kwanan wata da sa hannu, wadda ake buɗe wa fayil. Aikatan da ke tafiya da shi sun sauya daga "cika" da "faye" zuwa "shigar da", "gabatar da", "saurara", "bincika" da "yi watsi da". Jimla ta (8) kuwa, in da a tsohuwar ma'ana aka faɗe ta, da ta ci karo da kanta, gama ƙorafin tsakar gida shi ne ainihin maganar da ba ta da tushe.

To, ta ina wannan sabuwar ma'ana ta shigo? A ganina ta ƙofar fassara ta shigo. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sa'an nan Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, masu fassara suke fama da kalmomin mulkin zamani waɗanda dole a sama musu gurbi kafin lokacin labaru ya yi. Ingilishi yana da kalma guda da ke ɗaukar kukan wanda aka zalunta, da ƙarar mai neman haƙƙi, da kuma mitar wanda ba a iya masa. Hausa ta rarraba su. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa hukumar tarayya mai bin kadin waɗanda ma'aikatu suka cuta a 1975, sai ya zama dole a zaɓa. Ƙara ba ta dace ba, don ita ta alƙali ce, hukumar kuwa ba kotu ba ce. Saura kuka da ƙorafi, kuma har yau ana jin sunan hukumar ta fuska biyu: wasu su ce Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wasu su ce ta karɓar ƙorafe-ƙorafe. Takwararta ta Jihar Kano, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an fi sanin ta da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci da Rashawa.

Dalilin da ya sa kuka bai wadatar ba a fili yake. Kai kuka al'ada ce ta fada: talaka ya tuɓe takalmi, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce ya kawo kukansa. Kalmar tana ajiye mai magana a ƙasa, wanda ake gaya wa a sama, kuma tausayi take nema. Wannan ya yi daidai da manomin da aka ƙwace wa gona, amma bai zauna a bakin kamfani ko jam'iyya ko ɗan majalisa ba, waɗanda ba durƙusawa suka zo yi ba. Ƙorafi ba shi da hawaye a cikinsa, shi ya sa ya shige gurbin. Sai dai ya shigo da kayansa na gida bai sauke ba.

Har jam'in kalmar ma bai taimaka ba. Irin wannan ninki mai ƙarewa da wasalin "e" yakan nuna abubuwa barkatai, sau da yawa ƙanana: ciye-ciye ba abinci ba ne, gyare-gyare ba gini ba ne, tsince-tsince ba girbi ba ne. Gaskiya ne koke-koke ma wannan sigar gare shi, amma tushensa yana da nauyin da zai riƙe shi. Ƙorafe-ƙorafe kuwa ƙarami ne aka ninka.

Zaɓin mai rubuta kanun labari

Kuka yana da aikatau nasa, watau koka, ƙorafi kuwa ba shi da shi, sai an jingina shi da "yi". Saboda haka mai tace labari kullum yana da hanya biyu a gabansa:

(9) Manoma sun koka kan tsadar taki.
(10) Manoma na ƙorafi kan tsadar taki.

Labari ɗaya ne, amma kunnen Bahaushe ba ya jin su daidai. Jimla ta (9) ta riga ta yarda cewa takin ya yi tsada kuma manoman suna jin jiki. Jimla ta (10) ta ja da baya, ta ce ga dai abin da suke faɗa. Wani zai ce ai wannan shi ne adalcin aikin jarida, kada mai labari ya ɗauki ɓangare. Haka ne, da a ce kalmar tsaka-tsaki ce. Amma ba tsaka-tsaki take ba, ta ɗan karkata wajen raini. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi, duk editan da ya zauna rubuta kanun labari da Hausa sai da ya yi wannan zaɓi, ko ya sani ko bai sani ba. Wanda ya rubuta "jama'a na kokawa" da wanda ya rubuta "jama'a na ƙorafi" kowannensu ya yi sharhi tun kafin a kai ga shafin sharhi.

Kalmar a matsayin garkuwa

Inda abin ya fi armashi shi ne bakin masu kare gwamnati ko wani babba, musamman waɗanda ake kira sojojin baka a gidajen rediyon Kano da maƙwabtanta. Dubi wannan:

(11) Mun gina musu titi, sun koma suna ƙorafin kwata.

Mai wannan magana bai ce an gina kwatar ba. Bai kuma ce ba a bukatar ta ba. Abin da ya yi shi ne, ya karɓi maganar da aka kawo masa da ma'ana ta biyu, watau neman haƙƙi, ya mayar da ita da ma'ana ta farko, watau mugun hali. Daga nan muhawara ta tashi daga kan ruwan da zai shiga gidajen mutane da damina, ta koma kan ko mutanen unguwar masu godiya ne ko butulai. Da yake kalmar ɗaya ce, ba mai iya kama shi da ƙarya. In aka matsa masa sai ya ce, ai su da kansu suka ce ƙorafi suka kawo.

Irin wannan magana ba ta tafiya ita kaɗai, tana da 'yan rakiya daga karin magana. Za a ji an ce maƙiyinka ko ruwa ka shiga sai ya ce ka ta da ƙura, ko kuwa mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki, ko a ce hassada ga mai rabo taki. Kowanne daga cikinsu aikin da ƙorafi ya fara yake ƙarasawa: ya tabbatar wa mai sauraro cewa matsalar tana zuciyar mai magana. Akwai kuma wani ɓoyayyen tsini. A al'adance an fi jingina ƙorafi ga tsofaffi da kishiyoyi da uwar miji, ko da yake duk wanda ya zauna da maza a majalisa ya san ba a bar su a baya ba. Don haka idan aka ce wani jagoran hamayya ya cika ƙorafi, ba ƙanƙanta maganarsa kaɗai aka yi ba, an fitar da shi daga zaure an tura shi cikin gida. Habaici ne wanda ba ya bukatar a ƙara masa ko kalma ɗaya.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi tambaya: shin ma'aunin tsakar gida yana aiki a kan al'amarin jama'a? A gida, ƙanƙantar abu hujja ce ta a yi shiru. Wanda ya ta da jijiyar wuya a kan cokalin sukari guda ya cancanci sunan. Amma a kasuwa, mudun da aka ɗan lotsa gindinsa tafin hannu guda kawai yake ragewa, kuma duk wanda ya yi magana a kai za a ga kamar ya faye ƙorafi. Sai dai mudun nan yana auna wa ɗaruruwan mutane kowace rana, shekara ta zagayo an kwashe buhuna. Haka abin yake ga 'yan kuɗin da ake ƙarawa a kan takardar asibiti, ko rabin sa'ar da ma'aikaci yake makara, ko allurar da ta ƙare a ɗakin shan magani. Kowanne ƙarami ne ga mutum ɗaya. Al'amarin jama'a kuwa ba na mutum ɗaya ba ne. Wanda ya ɗauko ma'aunin gida ya auna shi, ya yi awo da mudun da ba nasa ba.

Misali daga shari'ar zaɓen Kano

Babu inda ma'anonin biyu suka yi karo a fili kamar shari'ar zaɓen gwamnan Kano na 2023. Kotunan da ke wannan aiki ana kiran su na sauraron ƙararrakin zaɓe, ana kuma kiran su na sauraron ƙorafe-ƙorafen zaɓe. Hukumar zaɓe ta ba da sanarwar cewa Abba Kabir Yusuf, wanda ya tsaya a jam'iyyar NNPP, ya sami ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC kuma ya sami 890,705. Jam'iyyar APC ta garzaya kotu. Ranar 20 ga Satumba, 2023, kotun ta soke ƙuri'a 165,663 daga cikin na Abba, bisa dalilin cewa takardun ba su da hatimi da sa hannu da kwanan wata, ta ce Gawuna ne ya ci. Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta tsige shi a watan Nuwamba. Sai ranar 12 ga Janairu, 2024, Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin na baya, ta maido da ƙuri'un, ta tabbatar masa da kujerarsa.

Ba hurumin wannan muƙala ba ne ta ce wane ne da gaskiya. Kotu ta riga ta yanke. Abin da ya shafe mu shi ne halin da kalmar ta shiga a watannin nan. Idan mai goyon bayan gwamna ya ce "ƙorafin hatimi", yana nufin an bar jaki ana dukan taiki, mutane sun fito sun jefa ƙuri'a ana neman laifi a tawada. Idan ɗan ɗaya ɓangaren ya ce "ƙorafinmu yana gaban kotu", yana nufin takarda ce ta shari'a wadda lauyoyi suka tsara bisa dokar zaɓe. Su biyun za su iya zama a shiri ɗaya, su yi sa'a guda suna maimaita kalma ɗaya, kowa yana ganin ɗan'uwansa ya amsa laifi da bakinsa. Hatimi ƙaramin abu ne, amma kujerar gwamnan jihar ce ta rataya a kansa kusan wata huɗu.

Ƙorafi na gaske, da masu gudun sunan

Kada a ɗauka cewa duk wanda aka kira mai ƙorafi zaluntar sa aka yi. Akwai masu sharhin da sunan ya dace da su ƙwarai. Su ne waɗanda za a gabatar da kasafin kuɗin jiha na shekara guda, su bar adadin da aka ware wa makarantu, su kwana suna magana a kan hular da gwamna ya sa, ko tuntuɓen harshen da ya yi a wajen karatu. Shafukan Facebook sun ba irin waɗannan fili mai faɗi. Gwajin da za a gane su da shi, shi ne wancan na miya da muka gani da farko: a tambayi mai magana, me za a yi ka yi shiru? Mai neman kwata zai ce a gina kwata, in an gina kuwa magana ta ƙare. Mai ƙorafin hali ba shi da amsa, domin in an sauya hular zai koma kan takalmi. Irinsu kuma su ne suke arha da kalmar, har mai mulki ya sami damar haɗa su da masu magana ta gaskiya ya ɗaure a dami ɗaya.

Saboda tsoron wannan dami ne masu sharhi da yawa suke kewaye kalmar. Sai ka ji mutum ya ce tsokaci zai yi, ko jan hankali, ko shawara, ko kuwa "muna kira ga hukuma". In ya ga an fara harzuƙa sai ya kawo tasa garkuwar, ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In an matsa ƙwarai ya ce an dake shi an hana shi kuka, watau ya koma wa tsohuwar kalmar da ba a raina ta. Mafi ban sha'awa shi ne mai bugo waya a shirin da aka ware musamman don jin matsalolin jama'a, wanda zai yi sallama, ya gaida mai gabatarwa, sa'an nan ya ce:

(12) Ni ba ƙorafi nake yi ba, amma wata uku ke nan ba mu ga ruwan famfo ba.

Ta fuskar ma'ana ta biyu wannan jimla ba ta da kai, domin abin da ya biyo bayan "amma" ƙorafi ne cikakke, irin wanda hukuma take buɗe wa fayil. Ta fuskar ma'ana ta farko kuwa daidai take: mutumin yana wanke kansa ne, yana cewa shi ba mai wannan hali ba ne. A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa haƙuri da kunya cikin halayen da ake auna mutum da su, kuma ƙorafin tsakar gida kishiyar su biyun ne. Ke nan an rubuta a ƙofar hukuma sunan halin da aka raini mutum a kan ya guje shi, sa'an nan aka ce ya shigo. Dattijon da aka riƙe wa kuɗin fansho shekara biyu, in aka ce masa ya je ya kai kukansa, zai sa babbar rigarsa ya tafi. In aka ce masa ya je ya yi ƙorafi, yana iya cewa a bari, shi ya bar wa Allah.